“Ka yi ta maza”: amsa ga mai tambaya kan mazantaka mai guba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a Kano, shekaruna 31. Kwanan nan ina yawan ganin ana rubuta “mazantaka mai guba” a Facebook, ni kuwa na ɗauki abin a matsayin dabarar Turawa ta mayar da maza mata. To sai ga shi yayana mai shekara 44 ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, aka ce hawan jini ne ya daɗe yana cin sa. Tun da kasuwa ta karye masa ya daina hira da kowa, sai faɗa da matarsa da dukan yara. Matar ta ce ta fi shekara tana roƙonsa ya je asibiti, yana cewa shi ba rago ba ne. Ƙanwarmu da ke jami'a ta ce ai wannan shi ne abin da ake nufi. Shin gaskiyarta ne, ko dai ƙaddara ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Ƙaddara kam ƙaddara ce, babu mai ja. Amma zuwa asibitin da ya ƙi yi shekara guda, da ya yi shi, shi ma ai ƙaddara ce. Ƙanwarku ta fi ka kusa da gaskiya, ko da yake na san abin da ya sa kalmar take yi maka ɗaci, don ni ma ba na amfani da ita a ɗakin duba marasa lafiya. Duk magidancin da ka ce wa mazantakarsa guba ce, ya tashi ke nan, ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba.

Kalmar daga Amurka ta fito, wannan ka yi daidai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne maza ne suka fara amfani da ita, a shekarun 1980, a cikin wasu ƙungiyoyin maza da ke kokawa kan yadda suka tashi ba su san iyayensu maza ba sai tsawa da shiru. Daga baya likitocin ƙwaƙwalwa suka ɗauka, sannan ta faɗa hannun 'yan soshiyal midiya, inda ta koma abin gori. Ka bar sunan ga masu shi. Abin da sunan yake nunawa kuwa, wato matsin da ke sa namiji ya cuci kansa da na kusa da shi don kada a ce ya gaza, ba daga jirgi aka sauke mana shi ba, muna da shi tun kafin a haifi Facebook, har da sunayensa na gida. “Ka yi ta maza.” “Namiji ba ya kuka.” “Mijin-ta-ce.” “An shanye shi.” Lusari, soloɓiyo, rago. Kowace ɗaya bulala ce, kuma kai da kanka ka san an taɓa zuba maka wata, ka kuma zuba wa wani.

Na kwashe shekaru ina aikin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma abin da na fahimta shi ne wannan: yawancin abin da namiji yake yi da sunan mazantaka, ba don matarsa yake yi ba, ba don 'ya'yansa ba, ba ma don kansa ba. Don maza 'yan'uwansa yake yi. Majalisa ce 'yan kallonsa, ko da tana nan ko ba ta nan. Mutumin da zai shiga daji cikin dare ba ko gezau, shi ne ba zai iya goya ɗansa ya fito ƙofar gida ba, don kada a gan shi. Yayanka bai ji tsoron faɗuwa a shago ba, ya ji tsoron a ce ya gaza. Wato tsoro ne aka ɗinka wa rigar jarumta, kai tela ne, ka san riga tana iya rufe abin da ke ƙasa.

Tun yaro yana ƙarami ake fara ɗinkin. A wajen kaciya ana gaya masa kada ya yi kuka, wanda ya daure a yi masa kirari. Ya faɗi ya fasa gwiwa, a ce “tashi, kai ba namiji ba ne?” Ba na cewa koyar da juriya laifi ne. Ɗan dambe yana buƙatarta, manomi a tsakiyar rana yana buƙatarta, Bafulatanin da ke tsayawa a filin shaɗi yana murmushi ana zabga masa tsumagiya ya san abin da yake nunawa. Matsalar ita ce mun koya wa yaron yadda ake ɓoye ciwo, ba mu koya masa ranar da ake bayyana shi ba, alhali mu ne masu cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ƙauyukan da ke bakin madatsun ruwa da wuraren noman rani, kamar yankin Kura da Kadawa, har yanzu akwai masu ganin yaro yana fitsarin jini su ce ya fara zama namiji. Tsargiya ce, tsutsa ce da ke shiga fata daga ruwan da ake wanka a ciki, kuma ƙwayar praziquantel tana kashe ta. Idan aka bar ta shekaru, tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya taɓa haihuwa, tana iya kaiwa ga kansar mafitsara. Ka ga cutar da muka ɗora wa rawani.

To yaron nan ya girma ya yi aure. A wurinmu ma'aunin namiji cefane ne, kuma wannan nauyi ne da addini ya ɗora masa, ba na raina shi. Amma idan ka rataye mutuncin mutum gaba ɗaya a kan ƙusa guda, ranar da ƙusar ta zare komai ya zube. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Dubban magidanta irin Yaya sun wayi gari abin da suke samu bai kai buhun masara ba. Mace idan ta shiga wannan hali tana da uwa, tana da aminiya, tana da gidan biki da gidan suna inda za ta amayar da cikinta. Shi kuwa namiji yana da majalisa, inda ake zancen Arsenal da Madrid da siyasa har ƙarfe goma sha biyu na dare, a watse babu wanda ya san ɗayansu ya kwana uku bai ba da kuɗin cefane ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haka ne. An kuma ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Nan ne nake so ka tsaya ka lura da kyau, domin shi ne abin da dangi suka fi kuskurewa. Ciwon damuwa a jikin namiji sau da yawa ba da hawaye yake zuwa ba. Da masifa yake zuwa. Mutum ya daina barci, ko ya farka ƙarfe uku na dare ya kasa komawa. Abu kaɗan ya tunzura shi, kukan jariri, gishiri a miya, ƙarar cokali. Ya daina jin daɗin abin da yake so a da, ya riƙa daɗewa a waje ba don yana da wurin zuwa ba. Idan ma ya zo asibiti ba zai taɓa cewa “ina cikin damuwa” ba. Zai ce kansa yana zafi, wani abu yana yi masa yawo a jiki, ƙirjinsa ya yi nauyi, olsa ce ta tashi, ko taifod ce ta ƙi jin magani. Kafin ya iso gare mu ya sha allurar maleriya ba adadi a kemis, ya sha jiƙe-jiƙen basir da na shawara. Faɗan da Yaya yake yi da matarsa da dukan yara, ina kyautata zaton borin kunya ne. Fushi shi ne kaɗai abin da aka yarje wa namiji ya nuna ba tare da an yi masa dariya ba, don haka tsoro da baƙin ciki da kunya duk ta wannan ƙofar suke fita. Tabarmar kunya, in ji Hausawa, da hauka ake naɗe ta. Wannan bayani ne nake yi maka, ba uzuri nake nema masa ba. Yaron da aka doka ya doku, ko me ke cikin zuciyar uban.

Alƙaluman duniya ma sun nuna wanda ke fara biyan kuɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu, waɗanda ke mutuwa a hatsarin hanya kuma sun kusa ninka mata sau uku. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa kusan 8 cikin kowane mutum 10 da ake kashewa a duniya maza ne, masu kisan kuma kusan 9 cikin 10 maza ne. Mu ke kashewa, mu ake kashewa. Ba sai ka je nesa ba: ɗan daba a Kano, ɗan kalare a Gombe, ɗan sara-suka a Bauchi, ka tambaye shi me ya haɗa shi da wanda ya sara, sau da yawa zai ce “raini”. An taka shi, an kalle shi, an shigo unguwarsu. Saurayin da ba shi da aiki, ba shi da halin aure, ba a sa shi a shawara a gida, abin da ya rage masa na nuna shi namiji ne shi ne a ji tsoronsa. 'Yan siyasa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa ba sa wahala wajen samun masu riƙe musu gora da adda.

Ƙwaya ma nan take shigowa. Binciken ƙasa kan shan miyagun ƙwayoyi na 2018 ya gano kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya, wato kashi 14.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma 3 cikin kowane 4 maza ne. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Samarin da nake gani masu shan tiramadol, kaɗan ne suka fara don nishaɗi. Lebura ne yake so ya yi aikin mutum biyu kada a ce ya gaji. Ɗan adaidaita ne yake so ya kai dare. Ango ne aka ce masa tana sa a daɗe a shimfiɗa. Ƙwayar da likita ke bayarwa miligiram 50 ko 100 ce, ta kan titi 225 ce, wasu kuma ba sa tsayawa a guda ɗaya. Daga nan sai farfaɗiya, sai a ce aljanu. Haka maganin ƙarfin maza da ake tallarsa da lasifika a tasha da bakin kasuwa: da yawa an gano ana cusa musu sinadarin sildenafil ba awo, kuma mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna idan ya haɗa da shi jininsa na iya faɗuwa warwas.

Amma inda abin ya fi ba ni takaici, kuma na fi ganin zalunci tsagwaronsa, shi ne maganar haihuwa. Ma'aurata su shekara biyar shiru. Matar ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, ta sha gorin dangin miji, an yi mata hoton mahaifa mai zafin gaske, an ce lafiyarta ƙalau. A ce maigida ya kawo maniyyinsa a duba, gwajin da ba allura ba yanka, sharaɗinsa kawai ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, sai ya ce shi za a raina wa hankali, shi da ya san kansa. Ƙanena, ƙarfin kwanciya daban, ƙwayar haihuwa daban. Mutum na iya zama ingarma a shimfiɗa alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ruwansa, saboda hangum da ya yi bayan balaga ya sauka a maraina, ko ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba ya toshe hanya, ko jijiyoyin maraina sun kumbura. A kusan rabin ma'auratan da ba sa haihuwa akwai hannun namiji a matsalar, kuma wasu daga cikin dalilan suna da magani. Na san wani bawan Allah da ya auri mata huɗu ɗaya bayan ɗaya, yana saki yana cewa juya ce. Uku daga cikinsu sun haihu a gidajen da suka koma. Sai da ya haura hamsin ya yarda aka gwada shi, ranar da ya karɓi sakamakon ya daɗe zaune bai ce komai ba, daga ƙarshe abin da ya fito daga bakinsa shi ne sunan matarsa ta fari. Haka masu sakin mace don tana haifar 'ya'ya mata, alhali ƙwayar da ke sa jariri ya zama namiji ko mace daga uban take fitowa.

Duka kuwa, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure a Najeriya sun fuskanci cin zarafi daga miji, ko na duka, ko na tilasta kwanciya, ko na cin mutunci. Dokar Penal Code da aka yi wa Arewa tun kafin samun 'yancin kai tana da sashe na 55 da ya sassauta wa miji “ladabtar” da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, sai a 2015 aka yi dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda jihohi suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Sarki Muhammadu Sanusi II ya sha faɗa a bainar jama'a cewa yana gaya wa 'ya'yansa mata idan miji ya mare su su rama. Na gane abin da yake son isarwa, amma ni ba na ba mace wannan shawara, don na ga yadda ramuwa ke ƙarewa a ɗakin da aka kulle ƙofa. Gara ta fita ta kira waliyyinta.

Kada kuma ka ɗauka maza kaɗai ke riƙe da bulalar. Uwar da ta ga ɗanta yana taya matarsa wanke-wanke ta ce an mallake mata ɗa, tana ciki. Budurwar da ke auna saurayi da wayar da ke hannunsa, tana ciki. Matar da mijinta ya yi kuka a gabanta sau ɗaya, ta ajiye abin sai ranar faɗa ta goranta masa, ta rufe wannan ƙofar har abada, kuma ina jin irin wannan labarin fiye da yadda za ka zata. Wannan ne ya sa ba na jin daɗin yadda ake jifa da kalmar a intanet kamar maza ne cutar, mata ne asibitin.

Yanzu ga tsoronka na cewa ana so a mayar da maza mata. Ka auna da wanda babu namijin da ya kai shi. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake cikawa, Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, ya amsa masa da cewa wannan rahama ce. An tambayi Nana A'isha me yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Ita ce kuma ta ce bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Aƙra'u bin Habis ya gan shi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya ce masa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Kuma shi ne ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Wane ne a majalisarku zai kira waɗannan ragwaye? Ko a al'adarmu, lokacin da Baturen nan Kirk-Greene ya tattara siffofin da Hausawa ke kiran mutum da su mutumin kirki, a rubutunsa na 1974, abin da ya samu shi ne gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu tsawa a ciki, babu taurin kai. Kakanninmu sun san jarumi, sun yi masa kirari a fagen fama, amma ba shi suka sa a gaba wajen zaman gida da zaman gari ba.

Kuma majalisar da ke ɗaure namiji ita ce ke iya kwance shi. A jihar Damagaram ta Nijar, a ƙarshen shekarun 2000, asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa babban abin da ke hana mata zuwa awo da haihuwa a asibiti shi ne izinin miji. Ba su tara maza sun yi musu wa'azi ba. Sun zaɓi magidanta masu mutunci a kowane gari, suka kafa abin da aka kira makarantun mazaje, ƙananan rukunai da ke zama suna tattaunawa su kuma yi magana da 'yan'uwansu maza. Da mutumin da ake jin kunyarsa ya raka matarsa asibiti a gaban kowa, sai abin ya daina zama abin gori. Tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar da wasu ƙasashen maƙwabta.

Dangane da Yaya, kada ku tara masa dangi a zaure a yi masa taron dangi, zai ƙara ƙulle kansa ne. Kada kuma ƙanwarku ta je masa da wannan kalma, Allah ya yi mata albarka. Ka same shi kai kaɗai, ko wani amininsa da ya girme shi, a wurin da ba ku fuskantar juna, a kan hanya ko bayan sallar isha. Kada ka ce “me ke damunka”, zai ce babu komai. Ka ce “Yaya, ya barci kwana biyun nan?” Maza suna amsa tambayar barci, daga nan sauran ke biyowa. Idan ya fara magana kada ka tare shi da “a yi haƙuri”, ka bar shi ya kai aya. In ka ji yana cewa gara ya mutu ya huta, ko shi nauyi ne a kanku, ko ya fara rabar da kayansa yana ba da wasiyya, wannan ba zancen a jira ba ne: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da na feshi daga gidan, a kai shi asibiti ranar. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Matarsa da yaran kuma ba za su jira ya warke kafin dukan ya tsaya ba. Wani babba da yake jin nauyinsa ya gaya masa wannan ƙarara, in ya ci gaba su koma gidansu tukuna.

Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, kullum ne. Maza da yawa suna jefar da shi a ɓoye saboda sun ga ƙarfinsu ya ragu a shimfiɗa, su kuma kasa faɗa. Wasu magungunan suna yin haka, hawan jinin kansa ma yana yi, kuma likita yana da wasu da zai canza masa idan aka gaya masa. Ka san yadda za ka sa wannan a kunnensa ba tare da ka kalle shi ba. Ranar komawa asibiti ka ɗauke shi da kanka, in an zo awo ka riga shi naɗe hannun riga. Hawan jini yana bin dangi, kai kuma kana wuni zaune a kan keke, shekara 31 ba ta yi kaɗan ba. Idan awonka ya kai 140 bisa 90, ka sake a wata ranar, in ya maimaita kai ma ka yanki kati.